Tuwo Kaɗai Ba Ya Riƙe Tsoho

Duk wanda ya saba tsayawa a kemis ɗin unguwa bayan la'asar ya san irin wannan ciniki. Dattijo zai shigo yana dogara sanda, ya laluba aljihun gaban rigarsa, ya zaro tsohon kwalin magani da ya ƙunshe a leda, ya miƙa. Maganin hawan jini ne, wanda likita ya ce a sha ɗaya kullum ba fashi. Mai shago ya ce, "Baba, na wata za a ba ka?" Dattijo ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba ɗan nan, yanko mini na kwana biyar dai. In yaran sun aiko na dawo." A sa almakashi a yanki katin, a ƙirga masa biyar. Rana ta shida kuwa sai yadda Allah Ya yi.

Wannan dattijo ba yasasshe ba ne. Yana da 'ya'ya da jikoki, da dare ana kai masa tuwo a rufe da faifai, da safe akwai koko ko ɗumame, da sallah ana ɗinka masa sabuwar riga. In aka tambayi mutanen gidan za su ce Baba ba abin da ya rasa, kuma ba ƙarya suka yi ba bisa mudun da suke awo da shi. Mudun ne ƙarami. Bahaushe ya daɗe yana auna jin daɗin tsoho da ci da sutura, sai kuma likkafani in ta Allah ta kasance. Ko idonsa na gani, ko ƙafarsa na kai shi masallaci, ko akwai ɗari biyar a aljihunsa da zai miƙa wa jika ba tare da ya roƙi kowa ba, ko akwai mai zama ya saurare shi, duk wannan an tattara an rufe da magana ɗaya: ai tsufa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya da ta zo fayyace abin da take nufi da tsufa cikin lafiya, ba ta tsaya kan rashin cuta ba, don da wuya a sami mai shekara 70 da jikinsa ba ya ƙorafin wani abu. Abin da ta sa a gaba shi ne mutum ya ci gaba da iya yin abin da ke da daraja a wurinsa. Ga malamin zaure, ya iya buɗe littafi ya biya wa ɗalibai. Ga tsohuwa, ta iya zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa. Manomi kuwa ya taka ya leƙa gonarsa ko da hannunsa ya daina riƙe fartanya.

Ana yi wa maganar tsofaffi kallon damuwar Japan da Italiya, inda furfura ta rinjayi goyo. Gaskiya ne Nijeriya da Nijar ƙasashen yara ne, a Nijar ma kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, kuma waɗanda suka kai 60 a Nijeriya ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Sai dai kashi 5 na mutum fiye da miliyan 200 ya kai miliyan 10, wato sun fi jama'ar Togo gaba ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali za su kasance. Turawa sun tara abin hannu kafin tsufa ya cim musu. A nan yana zuwa ne ya tarar da rumbu wayam.

Masu yabon jiya kan ce da can ba a wulaƙanta tsoho saboda akwai tarbiyya da tsoron Allah. Sun yi tuya sun manta da albasa, domin akwai gandu. Uba ke da gona, 'ya'yansa maza har da masu aure a ƙarƙashinsa suke noma, shi ke buɗe rumbu ya auna hatsi, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi aure. Ɗa yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa bayan an tashi daga gandu. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi dogon bayani kan wannan tsari a littafinta na 1972. A cikinsa tsoho shi ne mai ciyarwa, kuma girman da ake ba shi yana da saiwa a addini, yana kuma da saiwa a rumbu.

Yau gonar ta sha rabon gado har ta koma kamar shimfiɗar tabarma. Saurayi ya tafi cin rani Legas ko Abuja ko Fatakwal, yana acaba ko gadi ko sayar da shayi, cin ranin ya rikiɗe ya zama zama. A birni an sayar da gidan gado, kowa ya karɓi nasa ya kama hayar ɗaki biyu a bayan gari. Mai rabawa ya koma mai jiran aike. Akasarin 'ya'yan nan ba marasa imani ba ne, hannu ne bai kai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ga mata da 'ya'ya shida, ga haya, ga kuɗin makaranta, idan ya aika wa uwarsa dubu biyar ya yi ƙoƙari. Dubu biyar ɗin ce dai ba ta ƙoƙari.

Malamai ba su gajiya da tunatar da haƙƙin iyaye, kuma Suratul Isra'i ta ajiye kyautata musu daf da kaɗaita Allah da bauta, ta kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Wa'azin yana shiga, shi ya sa har gobe abin kunya ne a ce wane ya kai ubansa gidan gajiyayyu. To amma wanda bai haihu ba fa, ko wanda 'ya'yansa suka riga shi? Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara don ya biya jiziya, sai ya ɗauke masa ita, ya kuma sa aka yanka masa rabo daga baitulmali. Ke nan ɗora wa hukuma nauyin tsofaffi ba baƙon abu ba ne da aka kwaso daga Turai. Abin da ya faru a nan shi ne gwamnatoci sun sami mafaka a cikin al'ada: tunda an ce mu ba ma yar da tsofaffinmu, sai aka bar wa dangi komai, aka naɗe hannu.

Wanda ya yi aikin gwamnati shi ake wa kallon mai sa'a, tunda yana da fansho. Sai an je layin tantancewa ake ganin irin sa'ar. Tsofaffin malaman firamare da masinjoji da ma'aikatan asibiti ne, kowa da fayil a hammata: takardar ɗaukar aiki da ta yi ja ta yage a lanƙwasa har aka manne ta da salatif, takardar ƙarin girma, takardar ajiye aiki, hoto guda biyu. Wasu tun asuba suka baro ƙauye. Mai ciwon suga ya nemi inuwa ya zauna a kan takalminsa, ya ce wa na bayansa, "Alhaji, riƙe mini layi." Duk wannan don su tabbatar wa gwamnatin da suka yi wa bauta shekara 35 cewa ba su mutu ba.

Dokar fansho ta 2004, ta zamanin Obasanjo, ta kawo tsarin karo-karo, aka kuma sabunta ta a 2014 yadda ma'aikaci zai zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, hukumar PenCom na sa ido. Gyara ne na gaske, don kuɗin na taruwa a asusu da sunan mai shi. Sai dai jihohi da dama ba su bi tsarin sau da ƙafa ba, garatuti kuma ya zama abin da magada ke bibiya bayan mai shi ya kwanta dama. Gwamnatin Kano da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin irin waɗannan haƙƙoƙi na kimanin naira biliyan 48. A 2021 kotun tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 kan kuɗin da suka kai kusan biliyan 2, alhali shi ne aka ɗora wa aikin tsabtace harkar fansho. An ba kura ajiyar nama. Kundin tsarin mulki ma, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma ɗan fansho ne zai faɗi sau nawa ya ga an yi.

Kuma duk da wannan wahala, 'yan fansho tsiraru ne masu gata. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba. Manomi da mahauci da dillaliya da mai tuyar ƙosai ba su da ranar ajiye aiki, jiki ne ke ajiye su. A 2019 an ƙaddamar da ƙaramin fansho don masu sana'ar hannu, amma wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau ba ya tara na shekara 30, kuma shirin ba abin da zai yi wa wanda ya riga ya tsufa.

Wasu ƙasashen Afirka da ba su kai Nijeriya arziki ba sun bi wata hanya. Lesotho ta fara biyan 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin wata tun 2004, ba tare da tambayar ko sun taɓa aikin albashi ba. Zanzibar ta bi sahu a 2016 da shilin 20,000 a wata, Kenya ta fara nata a 2018. A Ghana, inda zangunan Hausawa suke daga Nima zuwa Kumasi, an yafe wa mai shekara 70 kuɗin zubin inshorar lafiya. Masu cewa wannan ɓarnar kuɗi ce su dubi Afirka ta Kudu. Esther Duflo, wadda daga baya ta sami kyautar Nobel, ta yi nazarin fanshon tsofaffi na can, ta gano cewa a gidajen da kaka mace ke karɓar kuɗin, jikoki mata sun fi tsawo da nauyi. Inda kaka namiji ke karɓa ba a ga irin wannan bambanci ba, abin da ba zai ba wanda ya tashi a hannun kakarsa mamaki ba. A Nijeriya jihar Ekiti ta gwada a 2011, zamanin Kayode Fayemi, da naira 5,000 a wata ga tsofaffi marasa galihu masu shekara 65, amma shirin ya yi ta tangal-tangal da sauyin gwamnati.

Kuɗin ba shi da yawa. Amfaninsa shi ne nasa ne. Tsohon da zai iya sayen goronsa da sabulunsa, ya jefa wani abu a faifan biki, ya sallami almajiri, muryarsa daban take a gida da ta wanda sai ya jira surukarsa ta shiga ɗaki sannan ya raɗa wa ɗansa buƙata.

Sai maganar jiki, kuma a nan ido ya fi komai ban takaici, don maganinsa na nan. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin 'yan Nijeriya 100 masu shekara 40 zuwa sama, huɗu makafi ne, kuma arewa maso gabas ce ta fi yawa. Yanar ido ce kan gaba, ita ta haddasa fiye da kashi 40 na makantar, hawan jinin ido na biye. Fiye da kashi 80 na makantar abin da za a iya kaucewa ne ko a warkar. Binciken ya kuma nuna cewa kusan rabin idanun da aka taɓa don yana, masu aikin gargajiya ne suka taɓa su, waɗanda ke sa tsinke su tura yanar cikin ido, galibi kuma ƙarshen abin ba ya kyau. Alhali aikin asibiti bai cika wuce rabin sa'a ba, ba a ma sa mutum barci, ido kawai ake kashewa. Ga asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Abin da ke hana zuwa shi ne kuɗin mota da na aiki, da tsoro, da kuma waccan magana ta ai tsufa ne.

Makantar tsoho mutum biyu take ci: shi, da jikan da za a cire daga makaranta ya zama ɗan jagora. Ko ba a kai ga makanta ba, tabarau na karatu mai araha ya isa ya mayar da tela kan kekensa, ya mayar da dattijo kan Alƙur'aninsa.

Sauran cututtukan tsufa ba irin waɗanda ake sha wa magani kwana uku a tashi ba ne. Hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi abokan zama ne, kuma a ƙasar da fiye da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun marar lafiya yake fita, dole a riƙa yanka katin magani da almakashi. Ƙarshen hawan jinin da ake sha wa magani yau a bari gobe sananne ne: shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu har yanzu ke ɗora wa iska. Cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi zalla a Nijeriya sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, ta kuma yi tanadin asusu don masu rauni har da tsofaffi, amma a yawancin ƙauyuka labarinta ma bai isa ba.

Ciwon da ba a faɗa shi ne na zuciya. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta daga Ibadan a kan tsofaffin Yarabawa fiye da 2,000 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa fama da matsananciyar damuwa, kuma wannan a cikin al'ummar da ita ma ke alfahari da girmama manya. Ana iya kaɗaici a gidan da ke cike da mutane: yara na kan waya, matasa na kallon ƙwallo, ana gaida Baba a wuce. Gigin tsufa kuma ya fi muni. Tsohuwa ta fara manta sunan ɗanta, ta fita da dare tana neman gidan ubanta da aka rushe shekaru aru-aru, tana surutai. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, amma a wasu wurare sai a fara raɗe-raɗin mayya ce. A 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a garin Kafaba na arewacin Ghana bisa zargin maita, jama'a na tsaye suna kallo.

A nan ne kuma ya kamata a faɗi abin da zaman Hausawa ya fi na wasu. Dattijon da ke fita jam'i sau biyar a rana yana motsa ƙafa, yana ganin mutane, kuma in aka rasa shi a sahu asuba biyu za a ƙwanƙwasa ƙofarsa. Majalisar dakali da wasan kaka da jika da sasanta ma'aurata duk aiki ne da ke sa mutum ya ji har yanzu da shi ake yi. Likitoci a Turai yanzu har rubuta wa tsofaffi shiga ƙungiya suke yi don maganin kaɗaici. Tsohuwa ma tana da fagenta: ita ce ungozoma, ita ke wankan jego, ita ke kai amarya, ita ke shiga gida-gida inda matan kulle ba sa fita. Amma ƙafarta ba ta kan ƙasa mai ƙarfi. Miji ya mutu, tumunin takaba aka raba tsakanin kishiyoyi, aka sayar da gida, sai ta koma ɗakin da ɗanta ya ware mata a gidan da wata ke iko da murhu. Wadda Allah bai ba haihuwa ba kuwa, ita ake gani da ƙoƙo a bakin masallacin Juma'a.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi. In ƙauye ya watse, mai ƙafa ke gudu. Rahoton Amnesty International na Disamban 2020 kan arewa maso gabas ya nuna yadda tsofaffi ke zama na baya a garuruwan da Boko Haram ta mamaye, suna shan ukuba daga mayaƙan da kuma sojoji, waɗanda suka kai sansani kuma a manta da su wajen rajista da rabon abinci. Irin wannan ke faruwa a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, har zuwa waɗanda suka tsallaka yankin Maraɗi. Mai shekara 30 da ya rasa shanunsa zai iya sake farawa. Mai shekara 75 da me zai fara?

A takarda dai Nijeriya ba ta rasa komai ba. Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Tarayyar Afirka na da yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi tun 2016. Duk ranar 1 ga Oktoba, wadda ta zo daidai da bikin 'yancin kai, ana ranar tsofaffi ta duniya, a yi jawabi, a raba buhunan shinkafa a gaban kyamara. Sashe na 16 na kundin tsarin mulki ya ambaci kula da tsofaffi, amma a babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa.

Jihohin arewa ba sai sun jira Abuja ba. Majalisun dokokinsu na iya kafa kuɗin wata ga masu shekara 70 ta hanyar doka, yadda sabon gwamna ba zai soke shi da baki ba. Hukumomin zakka na Kano da Sakkwato da Zamfara na iya ware kaso na dindindin don aikin yana da maganin hawan jini, maimakon rabon azumi kaɗai. Mai karatun da ke da tsoho a gida kuwa, in ya je gaisuwa wannan Juma'ar, bayan ina kwana da ina gajiya ya ce a ɗauko masa ledar maganin, ya ƙirga da hannunsa na kwana nawa ya rage.